SHIN TSUNTSU YANA BAR WA ALLAH 'YA'YANSA?



'Yan uwa, akwai maganar da ake yawan ji idan aka tambayi uba me ya sa ya tura yaro ɗan shekara shida wani gari ba guzuri ba ziyara. Sai ya ce: "Malam, wanda yake ciyar da tsuntsu ai ba zai manta da shi ba." Rabin maganar gaskiya ne, domin Allah Shi ne Mai azurtawa. To amma tunda tsuntsu aka kafa hujja da shi, mu je mu ga yadda yake yi da nasa 'ya'yan.

Dausayin Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin ya nufi Tafkin Chadi, yana cikin manyan matattarar tsuntsayen ruwa a Afirka ta Yamma. Wasu baƙi ne daga Turai, su yi hunturu su koma. Wasu kuwa 'yan gida ne, a nan suke ƙwai, a nan suke ƙyanƙyashe.

Dubi balbela. Sheƙarta a kan bishiya take, 'ya'yanta ba sa iya komai. Uwa da uba ke fita kiwo, su haɗiyo fara da ƙwari, su dawo su amayo wa 'ya'yan. Kullum haka, har su yi fiffike.

Dubi zakaran ƙeƙuwa. Shi ko sheƙar kirki ba ya yi, ɗan rami ne a ƙasa, ƙwai uku ko huɗu masu launin ƙasar wurin. 'Ya'yansa daga ƙyanƙyashewa suke tsintar abinci da kansu. Ka ce to ga wanda ya huta. Ina! Matsa kusa ka gani. Zai tashi da kururuwa, ya riƙa kawo maka sura a ka, ko kai mutum ne, ko kare, ko garken shanu. Bai ciyar da su a baki ba, amma bai ɗauke ido daga kansu ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado. A wurinsu mace ce ke sa ƙwai, namiji ke kwanci, shi ke reno. Idan ya ji haɗari sai ya durƙusa, 'ya'yan su shige ƙarƙashin fikafikansa, ya miƙe ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Uba ne fa wannan!

To wanne daga cikinsu ya ce ya bar wa Allah?

Hadisin da ake jingina da shi, wanda Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA), ya siffanta tsuntsu da fita da safe da yunwa da dawowa da yamma a ƙoshe. Malamai tun da can suka lura cewa akwai fita a ciki, ba zama ba. Ni kuma na ce mu lura da ɗaya kalmar, akwai dawowa. A lokacin reno, dawowar nan wurin 'ya'ya ake yin ta. Tawakkali aikin zuciya ne, ba ya sauke aikin hannu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a wuyan mahaifi, gwargwadon ikonsa.

Na san wani zai ce talauci ne, wani ya ce neman ilimi ne. Talauci gaskiya ne, kuma ba a ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa. Tafiya neman ilimi kuwa gadon magabata ce. Tsuntsu ma yana sakin 'ya'yansa, amma sai fiffike ya yi ƙwari. Tambayar ita ce: yaron da ka tura ya kai? Ka san inda yake kwana? Yaushe rabonka da ganinsa? Ko kwanon gero ka aika wa malaminsa bana? Kai ma da naka ke cikin gida, ka bar wa waya renonsu, tambayar ta shafe ka.

Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana ta kaɗa fikafikai, Annabi (SAW) ya umarci a mayar mata da su. Idan an damu da ɗan tsuntsu haka, ina ga ɗan Adam?

Wanda ɗansa ke nesa, ya neme shi a makon nan, ko da a waya ne.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya shirya mana zuriya. Wallahu a'alam.