Hukuncin kai iyali ziyarar kufan Maya da bakin teku a Meziko

TAMBAYA: Ni mazaunin Houston ne a Amurka, ina da mata da yara uku. Muna shirin hutun kwana shida a ƙasar Meziko: mu sauka Kankun, mu ga kufan mutanen Maya na Cicen Itza da Tulum, mu shiga daji, yara kuma su yi wanka a teku. Wani abokina ya ce shiga kufan mushirikai haramun ne, ya kafa hujja da ƙissar Samudawa. Ga shi na riga na biya kuɗin jirgi. Mene ne hukunci, kuma yaya za mu yi da salla?

AMSA: Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ziyarar nan ta halatta, da sharuɗɗan da zan faɗa maka.

Hadisin da abokinka yake nufi ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ibnu Umar. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya biya ta Hijr, garin Samudawa, ya hana sahabbai shiga gidajen sai suna masu kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo, ƙullin da aka kwaɓa da shi kuma aka bai wa raƙuma. Sai dai dalilin hanin a fili yake: wuri ne da nassi ya tabbatar azaba ta sauka a kansa. Ba kowane kufai ne yake ɗaukar wannan hukunci ba. Alƙur'ani da kansa, a Ali Imrana da Rum da Gafir, ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Amru bin Asi ya buɗe Masar, sahabbai suka zauna kusa da dalar Fir'aunoni, ba a ruwaito sun haramta kallonta ba.

Mutanen Maya (sunan ƙabila ne, kada kunnen Bahaushe ya kai shi ga maita) babu nassin da ya ce an halaka su da azaba. Biranensu ne suka zama kufai, jikokinsu kuwa miliyoyi suna nan a Yukatan da Gwatemala suna magana da harsunansu, wataƙila ma direban da zai ɗauke ku ɗayansu ne. Shirkan da magabatansu suka yi ɓata ne, babu shakka. Makomarsu kuwa a bar wa Allah, domin Suratul Isra'i ta nuna ba Ya azabta mutane sai Ya aiko musu da manzo.

To da wace zuciya za ku shiga? A Cicen Itza akwai dalar Kukulkan, mai matakala 91 a kowane ɗaya daga ɓangarorinta huɗu, idan aka haɗa da dandamalin sama su zama 365, adadin kwanakin shekara. Za ka ga masu rakiya suna tafa hannu a gabanta, amsa-kuwwar ta dawo kamar kukan tsuntsu. Bar yara su tafa, babu laifi. Amma kai su kuma bakin wata babbar rijiya da ke wurin, inda aka riƙa jefa zinariya da mutane, har da ƙananan yara, don roƙon ruwa daga gunkin da suke kira Cak. Ka tsaya da su a nan ka tambaye su: mutanen da suka ƙididdige tafiyar taurari haka, me ya hana iliminsu ya tsamo su daga wannan? Sannan ka tuna musu yadda muke fita sallar roƙon ruwa.

Ni abin da ya fi damuna ba duwatsun ba ne, abin da ake sayar wa baƙi ne a gefensu. Akwai bokayen da ke yi wa masu yawon buɗe ido turare da wasu addu'o'i da sunan tsarkakewa, akwai ɗakin suracen da ake kira temaskal, wanda galibi ake haɗawa da kiran iskoki. Ko an ce maka al'ada ce kawai, kada ka shiga, kada ka bari a kewaya kan ɗanka da hayaƙin. Haka taron da ake yi a watan Maris da Satumba, lokacin da inuwa ke saukowa gefen dalar kamar maciji: inuwar dabarar gini ce, amma masu ɗaga hannu sama suna neman tabarraki da rana, ku nisance su. Gumakan tsaraba masu cikakkiyar sura kada ku saya. Ga zannuwa masu ado da gadon lilo na saƙa.

Bakin teku shi ne wurin da sharaɗin ya fi tsanani. Wanka a teku halal ne, kallon tsiraici haramun ne, kuma rairayin manyan otal-otal na Kankun da rana tsaka ba wurin da mutum zai iya runtse ido ba ne. Ku fita bayan asuba, ko ku nemi gefen da babu cunkoso, mai ɗakinka da 'yan mata cikin sutura mai rufe jiki wadda ba ta mannewa idan ta jiƙe. In hakan ya gagara, ku haƙura da tekun. Ka kuma guji otal ɗin da kuɗin kwana ya haɗa da giya, matuƙar akwai wani.

Shiga daji, zamiya a kan igiya da iyo a rijiyoyin dutse da suke kira senote duk halal ne idan akwai kayan kariya, a sa wa yara rigar da ke hana nutsewa. Ruwan senote mai tsarki ne, ana alwala da shi. A abinci, kocinita pibil naman alade ne, kuma ana yawan soya wake da kitsen alade, sai ka tambaya kafin a zuba. Kifi da duk abin da ke rayuwa a teku halal ne a mazhabar Malikiyya.

Salla kuwa, za ku yi kasaru a hanya. In kun yi niyyar zama wuri ɗaya kwana huɗu cikakku, sai ku cika tun daga saukarku. Daga Kankun zuwa Cicen Itza kusan kilomita 200 ne, Tulum kusan 130, duka sun wuce mil 48 na kasaru, don haka ranar fita can za ku yi kasaru, kuma kuna iya haɗa azahar da la'asar. Malamanmu sun karhanta kasaru ga mai tafiyar wasa zalla, kamar farautar nishaɗi, amma hutun iyali da niyyar lura bai shiga ciki ba. Alƙibla daga can arewa maso gabas take. Kada ku yi salla a cikin ɗakunan bautar ko kuna fuskantar gunki, ku fito fili.

Wallahu a'alam.