Kuɗi Kafin Magani: A Wuyan Wa Alhakin Yake?

Neman a ajiye kuɗi kafin a taɓa maras lafiya na daga cikin matsalolin da suka fi damun ma'aikatan lafiya a Narayi, unguwar da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna. Yawancin mazaunanta ƙananan ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, kuma rufe masaƙun Kakuri, irin su KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya raba gidaje da dama na wannan yanki da albashi. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ko ɗan acaɓa ya yi hatsari, akan nufi asibitin kuɗi mafi kusa, ko Asibitin Gwamna Awan, ko na St. Gerard da ke Kakuri. A mafi yawan asibitocin ƙasar nan, majinyaci ne ke biyan kuɗin kati da ƙarin ruwa da jini da tiyata, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Tambayar ita ce: idan rai ya salwanta ana jiran kuɗi, wa ke da alhaki?

Doka ta yi magana a fili. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta karɓarsu ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Sai dai nas ɗin da ke aikin dare ba ita ke sayen magani ba. Idan majinyaci ya tafi bai biya ba, ita ake tuhuma, kuma asibitin da bashi ya yi wa katutu ƙarshensa rufewa.

Fiƙihun Musulunci ya raba wajibi gida biyu. Akwai farali aini, wanda ke kan kowane mutum shi kaɗai, akwai kuma farali kifaya, wanda ke kan al'umma baki ɗaya: in wasu suka yi, an ɗauke wa saura, in kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Imam Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farali kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Malamai sun ƙara da cewa farali kifaya yakan koma farali aini a kan wanda babu mai iyawa a wurin sai shi. Saboda haka ungozomar da mai zubar jini ta faɗo hannunta ba ta da uzurin jira. Amma samar da jinin da allurar da albashin ungozomar yana nan a wuyan hukuma da mawadata.

Koyarwar Kirista, wadda ita ce ta mafi yawan mutanen Narayi, ta kai ga matsaya makamanciyar wannan. A misalin Basamariye da ke sura ta 10 ta Bisharar Luka, matafiyin ya fara ɗaure raunin baƙon da bai sani ba, sannan ya ba mai masauƙi dinari biyu, ya kuma ɗauki nauyin abin da za a ƙara kashewa. Labarin ya nuna cewa jinya na da tsada, kuma wanda ke da hali ne ya kamata ya biya, ba wanda ke kwance ba. Basamariyen bai tambayi addinin mai raunin ba, darasin da ke da nauyi a garin Kaduna da rikice-rikicen 2000 da 2002 suka raba mazaunansa a gaɓoɓin kogi biyu.

Daga nan alhakin ya kasu mataki uku. Ma'aikaci zai tsayar da jini, ya sa ruwa, ya tura majinyaci gaba in abin ya fi ƙarfinsa, kafin a yi zancen kuɗi. Mai asibiti zai ware kayan gaggawa, ya daina cire bashin majinyata daga albashin ma'aikata. Gwamnati kuma za ta biya abin da doka ta ɗora mata: Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko yana samun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, an kuma keɓe kashi 5 cikin 100 nasa domin gaggawa. Jihar Kaduna tana da hukumar KADCHMA ta taimakekeniyar lafiya, kuma zakka da waƙafi da baikon coci na iya biya wa marasa hali kuɗin rajista. Duk matakin da ya gaza, laifin mutuwar yana kansa gwargwadon ikon da yake da shi na hana ta.