Faɗi Inda Kake, Ko Ba a Tambaye Ka Ba

Da tsakar dare, sa'ad da Agadas da Bilma suka yi tsit, sararin da ke samansu babbar hanya ce. Jiragen da suka taso daga Landan suna gangarawa kudancin Afirka, wasu kuma suna haurawa arewa, kowanne yana gudun kusan kilomita 900 a awa. Idan biyu suka fuskanci juna, minti ɗaya ya ishe su cinye tazarar kilomita 30. A irin wannan gudu ido ba ya ceton kowa. Magana ce ke raba su.

Kusa da gari maganar ba ta da wuya. Matuƙi yana amfani da rediyon VHF, mai aiki tsakanin megahaz 118 da 137, kuma muryar hasumiya tana zuwa masa tangaran. Sai dai wannan zango a miƙe yake tafiya, ba ya bin lanƙwasar ƙasa. Ko jirgi yana ƙafa 35,000 a sama, da ya yi nisan kilomita 400 ko makamancin haka daga eriyar da ke ƙasa, muryar ta ɓace. A tsakiyar hamadar Tenere ko kan teku babu wurin jera eriya.

Nan ake komawa ga HF, gajeren zangon da iyayenmu suka daɗe suna kama labaran Landan da Jamus da shi. Saƙonsa yana haurawa ya bugi wani rufin iska mai ɗauke da lantarki can sama, ya dawo ƙasa a nesa da dubban kilomita. Rana ce ke juya wannan rufi, shi ya sa mitar da ta yi aiki da azahar ba lalle ta yi da asuba ba, kuma shuu da ƙara ba sa rabuwa da shi. Sai tauraron ɗan'adam ya zo. Taurarin Inmarsat suna can kusan kilomita 36,000 a saitin tsakiyar duniya, na Iridium kuwa guda 66 ne, suna kewayawa a kilomita 780, har ƙuryar arewa da ta kudu suna kaiwa. Ta hanyarsu matuƙi da mai kula da zirga-zirga suna musayar saƙo a rubuce, jirgin kuma da kansa yana aika inda yake.

Duk da haka akwai giɓi. Ba kowane jirgi ke da sababbin na'urori ba, ba kowace tasha ke amsawa ba, saƙon da wata ƙasa ta aika wa maƙwabciyarta kuma yana iya maƙalewa a hanya. Ranar 13 ga Satumba, 1997, wani jirgin sojan Jamus ƙirar Tupolev da ya yada zango a Yamai ya nufi Windhoek. Yana tafiya a tsayin da ba na masu nufar wannan shiyya ba ne, labarin zuwansa kuma bai isa ga masu kula da sararin Namibiya ba. A kan teku, daura da gaɓar ƙasar, ya yi karo da jirgin sojan Amurka. Mutum 33 suka rasu, babu wanda ya tsira. Sarari ne mai faɗin gaske, jirage biyu tak, amma babu wanda ya san da ɗan'uwansa.

Saboda irin wannan giɓi ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta tsara wata ƙa'ida da aka yi shekaru ana bi a sassa da dama na sararin Afirka. Kowane matuƙi yana barin rediyo ɗaya a kan megahaz 126.9. Minti 10 kafin ya shiga yankin, da kafin ya ƙetare wata hanyar, da kafin ya hau ko ya sauko, sai ya buɗe baki ya sanar da duk mai ji: ni ne jirgi kaza, ina tsayi kaza, na nufi kudu, zan isa wuri kaza da ƙarfe kaza. Babu hasumiya a wannan mita, babu wanda zai ce masa na ji. Yana yi ne kamar mai keken da ke kaɗa ƙararrawa kafin ya sha kwana a lungu, bai ga kowa ba, amma ya san ba shi kaɗai ke da lungun ba.

Abin lura a nan shi ne, mutumin da ke riƙe da injin miliyoyin daloli bai ɗauki faɗin inda yake a matsayin ƙasƙanci ba. Ya san wannan bayani haƙƙin abokan hanya ne. Kuma sanarwar tana da sharuɗɗa uku: ta zama gaskiya, ta zo kafin a motsa, mai yin ta kuma ya kasa kunne ga ta wasu.

Mu kan ce shiru ma magana ce, amma sau da yawa shirun namu shi ke jawo ɓarna. Direba motarsa ta mutu a kan titi da dare, ya tafi neman bakanike bai sa alama ba. Ma'aikaciyar jinya ta tashi aiki ba ta gaya wa mai karɓarta maganin da aka canza ba. Magidanci ya ci bashi ko ya ba da ajiya, ko matarsa ba ta sani ba, ranar da ta Allah ta kasance a bar magada da rigima. Saurayi ya kama hanyar Libiya, mahaifiyarsa tana zaton yana Kano. Kowannensu yana ganin ai babu wanda ya tambaye shi.

Kada mu jira tambaya, kada kuma mu jira hukuma ta tilasta mana. Duk wanda motsinka zai iya taɓawa, ya cancanci ya ji daga bakinka tun kafin ka ɗaga ƙafa. Ka faɗi inda kake da inda ka nufa, idan ka sauya shawara ka sake faɗa, sannan ka saurari na kusa da kai, domin shi ma yana da hanyar da ya ɗauko.