Agogon da Ke Cikin Jiki da Ciwon Daji

 

Ka sani ya kai ɗan'uwa, a can cikin ƙwaƙwalwarka, sama da inda jijiyoyin idanu suka gitta, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Shi ne limamin agogon jiki. Da hasken da ke shiga ido yake saita kansa. Idan duhu ya sauka, sai jiki ya saki sinadarin melatonin, gaɓoɓi su natsu. A shekarar 2017 aka bai wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar Nobel, don sun gano yadda wannan agogo ke juyawa ta hanyar nazarin ƙudan 'ya'yan itace.

Agogon nan yana da hannu wajen tsara lokacin da ƙwayoyin jiki ke rabuwa, da lokacin da suke gyara abin da ya lalace a cikinsu. Mutanen Kafanchan, garin da ya tashi a mahaɗar layin dogo, sun san abin da ke faruwa in jirage suka saɓa lokaci. Haka ma a jiki: idan ƙwayar da ta lalace ta ci gaba da hayayyafa ba gyara, nan ne tushen ciwon daji.

A 2007, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya aikin dare mai rikita agogon jiki cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Ta sake tabbatar da haka a 2019, tana nuni musamman ga sankarar mama da ta hanji. Wannan hukuncin zato ne mai ƙarfi, bai kai yaƙini ba, amma mai hankali ba ya raina shi.

Ma'aikatan jinya a asibitocin Kafanchan da Kachia, da masu gadi, da direbobin da ke lodin citta su kwana a hanya, larura ce ta hana su barci, kuma ladansu yana wurin Allah. Haƙƙinsu ne a riƙa sassauta musu jerin kwanakin aikin dare, su kuma su rama barci a ɗaki mai duhu. Amma wanda waya ke raba shi da barci har asuba ba shi da hanzari.

Jiki amana ne. Ka kwanta bayan isha'i, ka tashi da asuba, ka fita hantsi ya taɓa ka. Mace kuwa in ta ji ƙullutu a mama, ta je asibiti ba jinkiri. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.