Kada Ka Sa Sulken Saul

Karatu: 1 Sama'ila 17:32-40

Ranar da Dawuda ya tsaya gaban Sarki Saul yana neman a bar shi ya kara da Goliyat, ba shi da takardar shaidar soja. Saul ya dube shi ya ga yaro. Dawuda kuwa bai ƙara wa kansa shekaru ba, bai ce ya taɓa zuwa yaƙi ba. Abin da ya yi shi ya faɗa: ya yi kiwon tumakin mahaifinsa, ya ƙwato ɗan rago daga bakin zaki da na beyar, Ubangiji kuma ya cece shi. CV ɗinsa ke nan.

Matasanmu da yawa na Burkusuma, Sabon Birni da Isa suna jin kunyar rubuta tasu. 'Yan bindiga sun katse wa wasu karatu. Wasu sun tsallaka Nijar, sun yi zaman gudun hijira a jihar Maraɗi. A 2021 har layukan waya aka rufe a yankinmu, neman aiki ta intanet ya gagara. Sai saurayi ya dubi takardarsa ya ga giɓin shekara uku, Shaiɗan ya raɗa masa cewa ya cike shi da ƙarya.

Nan ne ake zuwa shagon kwamfuta a Sakkwato, a ɗauko CV ɗin wani, a goge sunansa a sa naka. Sulken Saul ke nan. Dawuda ya gwada shi, ya kasa tafiya, ya tuɓe. Kai ma ran ganawa za su tambaye ka aikin da ba ka taɓa yi ba, bakinka ya mutu. Rage shekaru don a samu shiga hidimar ƙasa kafin talatin ta wuce, shi ma sulken ne, ko da kowa yana yi.

Ɗauki duwatsunka na rafi. Ka bi gida-gida da masu rigakafin shan inna? Rubuta shekarar da unguwar. Ka yi aikin wucin gadi a zaɓen 2023? Rubuta. 'Yar'uwa, kin koyar da yara karatu a inda kuka yi hijira, ko kin riƙe littafin kuɗin zumuntar mata? Wannan riƙon amana ne, masu ɗaukar aiki kuma suna nemansa ido rufe. Shafi ɗaya ko biyu ya isa, da lambar wayar da take shiga. In takardun makarantarka sun ƙone ko sun ɓata a gudu, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, ka yi rantsuwa a kotu, ka nemi shaidar sakamakonka daga hukumar jarrabawar. Kada ka sayi ta bogi.

Tun a sura 16, wani bawan Saul ne ya ba da shaidar Dawuda a fada, Dawuda yana can wurin tumaki. Wa zai ba da taka? Ka tambayi fasto ko tsohon malaminka kafin ka sa sunansa.

Addu'a: Uba, ka san shekarun da fara ta cinye mana. Ka ba ni ƙarfin hali in rubuta gaskiya, ka ba ni tagomashi gaban waɗanda za su karanta, cikin sunan Yesu. Amin.