HUKUNCIN TIYATAR ZUƘE KITSE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wata baiwar Allah daga nan Haɗejiya ta aiko min da tambaya. Haihuwarta biyar, tumbi ya ƙi komawa, maigida kuma kullum sai gori. Ta ga tallan tiyatar zuƙe kitse a waya, har tana shirin sayar da gonar shinkafarta ta gado da ke fadama. Wai Malam, ya halatta?

Bari mu fara sanin aikin tukuna. Likita yakan huda fata, ya zura siririn bututu, ya zuƙo kitsen da ke ƙarƙashinta. Kitsen can ciki da ya lulluɓe hanji, wanda ake dangantawa da ciwon suga da hawan jini, ba a taɓa shi. Ke nan galibi gyaran siffa ne, ba magani ba.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta duba mas'alar a zamanta na 18 a Malesiya, shekarar 2007. Ta halatta, amma da sharaɗi uku: ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya sai tiyatar, kuma a amintu daga cutarwa. Gyaran lahani yana da asali, domin Annabi (SAW) ya yi wa Arfaja izinin sa hancin zinare bayan an yanke masa nasa a yaƙi. Canza lafiyayyar halitta don son rai kuwa, ku duba Suratun Nisa'i aya ta 119 ku ga wa ya yi alwashin sa mutane yin haka.

Sharaɗi na ukun nan kada ku raina shi, 'yan uwa. A Oktoban 2005 Stella Obasanjo ta rasu a Sifaniya bayan irin wannan aiki, kotu kuma ta kama likitan da laifin sakaci. Matar shugaban ƙasa ce fa, ba kuɗi ne suka gaza ba.

Abin mamaki, a gari ɗaya wasu 'yan mata na haɗiyar sha-ka-fashe don su yi jiki, wasu na neman a zuƙe nasu. Duk don idon mutane.

Na ce mata ta bar gonarta, ta fara ganin likita. Tumbin bayan haihuwa sau da yawa naman ciki ne da fata suka saki, zuƙe kitse ba ya mayar da su. Idan likita amintacce ya ce akwai cuta, hukunci ya canza.

Sannan na nemi ta turo min maigidan bayan sallar Juma'a. Cikin da yake yi wa gori, 'ya'yansa biyar ne suka kwanta a ciki.