Guduma da Wutar Maƙeri

Ran nan na zauna a rumfar wani maƙerin farfaru yana ƙera munduwa. Ya gaya mini azurfa zalla ta cika taushi, sai an gauraya ta da ɗan jan ƙarfe kafin ta yi ƙarko. Ya narkar da su tare, ya zuba, ya ɗora a bisa uwar maƙera, ya shiga bugu. Jim kaɗan sai ya ajiye guduma, ya sa awartaki ya mai da ita cikin gawayi, yaronsa yana zuga. Da ta soma yin ja, ya fitar, ya tsoma a ruwa.

Na ce, "Malam, don me ka mai da ita wuta, ga shi ka riga ka narkar?"

Ya ce, "Duka yana sa ta tauri. In na ci gaba da bugu ban mai da ita wuta ta yi laushi ba, tsagewa za ta yi."

Wannan magana ta kwana a raina. Annabi Malakai (3:3) ya kwatanta Ubangiji da mai tace azurfa, ya kuwa zauna a kan aikin, ba ya barinsa. Amma da yawa a cikinmu, sa'ad da guduma ta sauko, ko ciwo, ko rashin ɗa, ko gona ta ƙi, sai mu daina addu'a, mu ƙaurace wa sujada, muna cewa sai hankali ya kwanta. Ɗan'uwa, a nan hatsarin yake. Wahala ita kaɗai ba ta gyara mutum. Taurara shi take yi. Zuciyar da ta sha duka ba ta koma gaban Allah ba, wata rana za ta tsage.

Daga baya maƙerin ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi jikin munduwar yana dandaƙawa. Da ya goge ta, sai ga kowane gurbin guduma yana walƙiya. Ashe tabon dukan shi ne adon, shi mai saye yake biya.

Kai da aka buge ka bana, yaushe rabonka da durƙusawa? Kada ka jira sai ka warke. Ka zo ran Lahadi da tabonka. Ubangiji ya tausasa zukatanmu, kada mu tsage a hannunsa. Amin.